Tumatir Ɗan Aure

A wani ƙauye akwai wani mutum mai lambu ɗaya tak a bayan gidansa. Ba shi da fadama, ba shi da injin ban ruwa, abin da sama ta zubo da damina shi ne nasa. A lambun nan yakan shuka tumatir kowace shekara, irin da ake ce wa ɗan gida: ƙanana ne, masu tsami, masu kaurin fata, ba kyan gani ko kaɗan, amma ruwa ya yi ta dukansu ba sa fashewa. Da su matarsa Dinatu take miya, ragowar ta yanka ta shanya, su yi ta ci har wata daminar. Gidan mai baki da yawa ne. In lambun nan ya ƙi, to, sai gayan tuwo.

Mutumin kuwa yana ji da kansa wajen ciniki. Ko allura zai saya sai mai ita ya yi gumi. Wannan ba laifi ba ne, wanda ya biya yadda aka fara faɗa masa ai hakkin yaransa ya zubar. Laifinsa guda ne: in ya samu abu a ɓagas, sai kunnensa ya toshe.

Wata ranar kasuwa da rani ya tsaya gaban wata dattijuwa mai suna Kande, ya ga tumatirin da bai taɓa ganin irinsa ba. Kowane ya cika tafin hannu, ja wur, da santsi kamar an shafa masa mai, kuma duk kansu ɗaya. A gefen tiren ga irin shukarsa nan a 'yan ƙananan takardu liƙaƙƙu. Ya tambayi kuɗin takarda guda, ta faɗa masa. Sai ya dafe kai.

Ya ce, "Inna, iri na tambaya, ba akuya ba."

Ta ce, "Na ji ka sarai. Taya."

Ya taya. Ta ce albarka, ba ta ko ɗago ido ba. Ya yi kamar zai tafi, ba ta kira shi ba. Ya dawo, ya sayi ɗan kashin tattasai mafi ƙanƙanta a tiren, sannan ya ce, "Gyara fa, Inna?"

Ta miƙa hannu za ta ƙara masa tattasai, ya ce a'a, ya nuna tumatirin da ya fi kowane girma. Kande ta dube shi, ta dubi tumatirin, ta ce, "Na miya ne, ko na shuka?"

Ya ce, "Gyara ai ba a bin sa gida."

Ta ce, "Ɗauka. Amma ina gaya maka, ɗan aure ne."

Ya yi dariya ya ce, "Madalla. Da shege kike so in kai gidana?"

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, amma ya riga ya jefa shi aljihu ya kutsa cikin mutane, don kada ta sāke shawara. Duk hanya yana murna. A ransa yana cewa, ga iri a cikin tumatir kyauta, wawaye suna can suna sayen takarda. Kuma tunda mai kayan da bakinta ta ce ɗan aure ne, ai ɗan halas ke nan, mai asali, zuriyarsa ba za ta ba da kunya ba.

Da ya isa gida ya matse ƙwayoyin, ya wanke, ya cuɗa da toka, ya shanya a inuwa kamar yadda ya saba. Da ruwa ya sauka ya yafa su, suka tsiro ba ƙyashi, har suka fi ƙarfin lambun. Ran da za a yi dashe, Dinatu ta fito da ƙullin tsumman da take ajiye irin ɗan gida.

Ta ce, "Baban Habila, ko kunya biyu ka bar wa namu. Baƙo ne wannan, ba mu san halinsa da ruwa ba."

Ya ce, "Ke dai kin saba da tsami. Bana za ki yi miyar da maƙwabta za su leƙo ta katanga."

Ta ce, "To, in ajiye shi don baɗi."

Ya ce, "A ajiye talauci?" Ya karɓi ƙullin, ya kwance, ya watsa wa kaji.

Shuka ta tashi kore shar, ta yi fure, ta fara ɗaura 'ya'ya. Ran Lahadi in an tashi sujada yakan ja maza zuwa bakin shinge su gani.

Wata safiya Dinatu ta shiga lambu ta daɗe ba ta fito ba. Can sai ta kira shi da wata murya ƙasa ƙasa. Ya same ta tsaye tsakanin kunyoyi, ta riƙe haɓa. Ta ɗaga masa ganyen gindi na farko: 'ya'yan dogaye ne sirara kamar barkono. Ta ɗaga na biyu: 'yan mitsi-mitsi kamar magarya. Na uku ya yi ƙulu-ƙulu da tsaga kamar gauta. Na huɗu ya yi girma, amma fatarsa ta dāre tun yana ɗanye, ƙudaje sun taru a kai. Daga can ƙarshen lambu kuwa layi guda ya yi yaushi a tsaye, alhali ƙasa jiƙe take.

Mutumin ya bi kunya kunya a durƙushe yana ɗaga ganye, yana neman ko guda ɗaya mai kama da wanda ya kawo a aljihu. Bai samu ba. Ya ce wani ne ya musanya masa dashen. Dinatu ta ce, "Da hannunka ka cire, da hannunka ka dasa." Ya ce to tsuntsaye ne suka kawo wani iri. Ta ce, "Lambun duka?" Ya zauna a ƙasa cikin taɓo, yana ta faɗa shi kaɗai, "Uwa ɗaya ce fa. Ni na matse ta. Uwa ɗaya ce."

Sai ruwan tsakiyar damina ya kankama, yau da gobe ba hutu. Abin da bai bushe ba ya fashe, abin da ya fashe ya ruɓe, har mai wucewa ta bayan gidan sai ya toshe hanci.

Ranar kasuwa ya zuba 'yan abin da ya tsinta a ƙwarya, ya dire su gaban Kande, ya ce, "Inna, kin cuce ni."

Ta juya su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Me na sayar maka?"

Ya ce, "Gyara kika ba ni. Amma kin ce ɗan aure ne."

Ta ce, "Haka na ce. Kai me ka ji?"

Ya ce, "Ɗan halas mana."

Kande ta ajiye mafici, ta ce, "Ɗana, ba auren coci aka ɗaura masa ba. Masu iri ne suka haɗa kala biyu da hannunsu, suka fitar da wannan. Shi kam mai kyau ne, amma kyansa a kansa yake tsayawa. 'Ya'yansa kowa sai ya bi wani kakan da ba ka taɓa gani ba. Duk mai son irinsa, kowace shuka sai ya koma wurin mai iri. Abin da zan gaya maka ke nan ka ruga." Ta ƙara dubansa ta ce, "Ai ka bar wa ɗan gida gefe, ko?"

Ya ce, "Kaji na watsa wa."

Dattijuwar ta rufe baki da hannu. Lokacin shuka ya riga ya wuce. A shekarar nan Dinatu ba ta shanya ko faifai ɗaya ba.

To, ga ma'anar misalin nan, ku buɗe kunne. Tumatirin nan mai kyau shi ne mai bi na gaskiya, wanda Ubangiji ya gyara da hannunsa. Ƙwayoyin cikinsa su ne 'ya'yanmu. Mai lambun kuwa mu ne, iyaye, da muke cewa, ai yarona ɗan aure ne, a coci aka ɗaura auren uwarsa, ubansa dattijon ikkilisiya ne, kakarsa ita ke ba da waƙa a zumuntar mata, ina zai ɓata? Muna tsammani bangaskiya tana bin jini kamar dogon hanci. Ba ta bi. Muna zaune muna fahariya, sai ran da aka ɗaga ganye mu riƙe haɓa, mu ce wane ne ya musanya mana yaro. Ba wanda ya musanya shi. Naka ne, daga cikinka ya fito, halin mutuntaka ya bi, wanda yake cikin kowa tun kakan farko.

Ba a samun ceto a gyara, a ce an ba uwa sai a ɗora mata ɗa a kai. Kowane rai sai ya je wurin Mai iri da ƙafarsa, ya karɓi sabuwar haihuwa da sunansa. Ku yara da ke zaune a bencin gaba, addu'ar mamarku tata ce, ba za ta tsaya muku ba. Ku iyaye kuma, yau in an sauke tukunya, kafin kowa ya sa hannu, ku dubi yaran nan ɗaya ɗaya, ku tambaye su ko sun san Yesu da kansu, ko dai sunan gidanku kawai suka sani. In amsar ta girgiza ku, gara ta girgiza ku yanzu, tun ƙasa tana karɓar shuka.