Goron Tabawa da Sunan Raimon

"Wai shi Raimon ɗin nan, me sunansa ke nufi?"

Ta bayan zana Tabawa ta jiyo tambayar a bakin wani dogari, ba ta san mijinta za ta ci ba.

A zamanin da ne, a wata masarauta. Wani baƙo farar fata ya bar wa Sarki amanar ɗansa Raimon, bai dawo ba. Yaro ya girma, za a naɗa shi sarauta, maroƙa suka ce ba sa yi wa sunan da ba su san asalinsa ba kirari.

Aka kira fatake biyu su faɗi asalin sunan. Tanko, mijin Tabawa, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, sunan Jamusawa ne. Rabinsa shawara, rabinsa kariya."

Na biyun, Nomau, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ma'anar dai haka take, amma a tsibirin Ailan ake sa shi. Tankon nan ko rafi bai taɓa ƙetarewa ba!"

Malamai suka buɗe littattafai suka rufe, ba su sami komai ba. Sarki ya dafe kai ya ce, "Ɗayanku maƙaryaci ne. Gobe zai bar mini gari."

Tabawa ba ta iya magana gaban manya, ko sunan mijin ba ta faɗa. Sai ta ƙulle ƙwaryar goro ta ba jakadiya ta kai wa Waziri, gaisuwar neman alfarma. Jakadiya ta ce, "'Yar nan, in ce masa me?" Don kunya Tabawa ta shige ɗaki.

Waziri ya ga goro ba saƙo, ya yi ta juya shi, ya ce lalle akwai magana a ciki.

Washegari ya ɗaga goron a fada. "Wannan na ina ne?"

Wasu suka ce na Gwanja. Wasu suka ce namu ne mana, da shi muke ɗaura aure.

"To, wa ya yi ƙarya? Can aka haife shi, nan ya zauna. Sunan ma haka: Jamusawa suka haifa, mutanen tsibiri suka raina. Matar Tanko ce ta aiko mini da wannan hikima."

Sarki ya yi murmushi, ya bar kowa a gidansa. Maroƙa suka ɗauka: "Raimon, garkuwa mai shawara!"

Tanko ya dawo yana ta kallonta. "Tabawa, ashe haka kike?"

Ta buɗe baki za ta ce goro ne kawai. Ta tuna Sarki ya riga ya yanke hukunci a kan goron. Ta ja mayafi, ta ƙudurta ba wanda zai ji.