Jirgin Auta da Ya Kasa Tashi

Akwai wani mai gyaran rediyo da talabijin da ake wa laƙabi da Gwani. Hannunsa na da kyau, ba mai musu. Aibinsa ɗaya: bai taɓa ganin abin da wani ya ƙera ya ce ya yi ba.

Yana da 'ya, Auta, wadda wani ciwo ke cin ƙarfin jikinta a hankali. Ya riga ya kwantar da ƙafafunta, likita kuma ya ce wata rana zai iso hannuwa.

Kawunta ne ya kawo mata ɗan jirgi mai saukar ungulu, irin na rimot, bai fi tafin hannu ba. Daga kan gado take tuƙa shi. Ya zaga fanka, ya leƙa bayan labule, ya sauka a kan ɗankwalin mamanta. Gidan da ya manta da dariya ya sake jin ta.

Gwani ya ɗauki jirgin, ya juya shi, ya taɓe baki.

"Roba ce zalla. Bari in mayar miki da shi jirgin gaske."

"Baba, ai yana tashi," in ji Auta.

"Kin fi ni sanin inji ne?"

Ya tafi da shi shago. Ya sa masa babban batir don ya daɗe a sama. Ya cire ƙafafun roba ya ɗaura na ƙarfe. Ya jera fitilu, ya maƙala 'yar kyamara wai don ta riƙa ganin titi. Kowane ƙari shi kaɗai ba a jin nauyinsa. Maƙwabtan shago na zuga shi, shi kuma yana ƙarawa.

Kullum ya shigo gida sai ta ce, "Baba, yau ka zo da shi?"

"Saura kaɗan."

Makonni suka wuce. Matarsa ta tare shi a bakin ƙofa. "Don Allah ka dubi yadda take riƙe cokali yanzu. Ka dawo mata da abinta."

"Ke dai ba ki da haƙuri."

Ranar da ya kawo shi, jirgin na ta ƙyalli. Auta ta tura sandar rimot da ƙyar. Farfela ta yi ƙugi, jirgin ya ɗaga kaɗan, ya karkace, ya ja ciki a ƙasa. Injin da aka yi don ɗaukar roba ya kasa.

Gwani ya fizge rimot ɗin, ya danna har ƙarshe. Sai ƙauri. Sai ɗan hayaƙi. Injin ya ƙone.

Ya kwance duk abin da ya ɗora, amma irin injin babu shi a kasuwa, sai da aka yi odarsa daga nesa. Da injin ya iso, Gwani ya haɗa, ya rugo gida, ya sa wa Auta rimot a cinya.

Ta ɗora yatsunta a kan sandar. Ba su motsa ba. Ta sake gwadawa har gumi ya karyo mata.

"Baba, kai ka tuƙa. Ni zan kalla."

Jirgin ya tashi sumul, ya zaga fanka. Auta na bin sa da ido. Gwani kuwa ba ya ganinsa, hawaye sun rufe masa ido.

Darasi: Ba kowane ƙari ne gyara ba. Abin da ke tashi lafiya, kada girman kai ya sa ka ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba, kuma ka saurari mai abu tun lokaci bai ƙure ba. Ka isar da wannan ga wanda ka san ba ya jin "bari".