Takardar da ke Aljihun Malam Nababa

Akwai wani manomi mai suna Malam Nababa a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta, irin ƙauyukan nan da gona ke manne da gona. Mutum ne mai ƙwazon noma. In ya kalli zangarniyar gero zai gaya maka wane iri ne, da kwanakin da suka rage a yanke shi. Sai dai yana da hali ɗaya: bai cika yarda da mutane ba.

Kuma yana da dalilinsa. Shekara shida da suka wuce, wani ɗan'uwansa da ke noma a bayan Rijiyar Zaki ya rasa gonarsa. Wasu mutane ne suka zo masa da fara'a da igiyar awo, suka ba shi takarda ya dangwala yatsa. Bayan wata uku ya tarar an kafa turaku, an yanka gonar filaye. Tun daga lokacin, in Nababa ya ga baƙo tsaye a bakin gona sai gabansa ya faɗi.

Ana cikin haka aka turo sabon malami firamaren ƙauyen, sunansa Malam Fa'izu Kolo. Iyayensa mutanen Barno ne, amma a Kano aka haife shi. Aka ba shi aji biyar, ajin da Aina'u 'yar Nababa take.

Malam Fa'izu ba ya son yara su yi ta zama a aji kullum. Duk ranar Alhamis sai ya jera su bibbiyu su fita. Fitar farko maƙera suka je, suka ga yadda ƙarfe ke yin ja a wuta har ya zama fartanya. Ta biyu suka zagaya rijiyoyin gari suna auna zurfinsu da igiyar guga. In sun dawo, kowa ya rubuta abin da ya gani.

Aina'u ta fara dawowa gida da tambayoyi.

"Baba, gonarmu ta gindin kuka, wa ya fara nomanta?"

Nababa ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa. "Wa ya ce ki tambaya?"

"Malam ne. Ya ce kowa ya tambayo tarihin gonar gidansu."

"To ki ce masa ban sani ba."

Alhamis ta gaba yana dawowa daga kai taki, sai ya hango su a gefen gonarsa. Yara biyu riƙe da doguwar igiya, wani yana buga turke, wasu suna ɗibar ƙasa suna zubawa a ledar fiya wata. Malam Fa'izu kuwa yana tsaye yana ɗaukar hoto da waya.

Nababa bai ƙarasa wajensu ba. Ya laɓe a bayan darbejiya har suka tafi, sannan ya je ya tuge turakun ya watsa su cikin kwari.

Washegari Aina'u ta shigo da gudu, ta miƙa masa wata takarda.

"Baba, Malam ya ce a ba ka. Bari in karanta maka, za ka ji daɗi."

Nababa ya iya karatun Alƙur'ani da rubutun ajami, amma bai yi boko ba. Ya juya takardar, sai ya ga an ja wani layi a ƙasa an bar fili.

"Wannan layin na mene ne?"

"Nan za ka sa hannu ko ka dangwala."

Ya ninke takardar ya tura aljihu.

"Baba ai ban karanta ba."

"Ba na son ji. Abin da ya koya miki shi za ki faɗa mini. Daga yau kin daina zuwa makarantar nan sai na ga ƙarshen abin."

Ran nan bayan La'asar ya zauna a majalisar dattawa, ya yi ƙasa da murya.

"Ku buɗe idonku. Malamin nan ba karatu ya kawo shi ba. Ya auna rijiyoyinmu, ya auna gonata, ya ɗebi ƙasarmu, yana tara sunayen masu gonaki ta bakin 'ya'yanmu. Yau kuma ga takardar dangwale ta iso. Da idona na gani."

Wani maƙwabcinsa mai suna Abdulkabir ya ce, "To shi ya sa! Ranar kasuwa na gan shi a cikin wata farar mota da wani mai jaka, suna nuna gonaki da hannu."

Wani kuma ya ce, "Ku dai duba sunansa. Mun san asalinsa ne?"

Kafin kwana uku magana ta gama gari, kuma kowa ya ƙara mata wani abu. Aka ce kamfani ne ya turo shi. Aka ce har an riga an sayar da fadama. A cikin yara arba'in na aji biyar, goma sha tara suka daina zuwa. In Malam Fa'izu ya yi sallama a majalisa, sai a amsa a daƙile, hira ta tsaya har sai ya wuce. Mai shayin da yake karyawa a wajensa ma ya fara ce masa biredi ya ƙare.

Sau biyu ya je ƙofar gidan Nababa. Sau biyun aka ce masa ba ya nan, alhali ga takalmansa a zaure.

Nababa bai tsaya nan ba. Ya ɗauki Abdulkabir suka tafi ofishin ilimi suka kai ƙara, suka ce in ba a ɗauke malamin ba, ba su san abin da matasan gari za su yi masa ba. Da suka dawo, ya shiga makarantar bayan an tashi, ya yage wata babbar taswira da ke manne a bangon aji biyar, ya naɗe ta ya kai wa Mai Unguwa Abdulmumini.

Mai Unguwa dattijo ne mai haƙuri. Ya ce, "Ba zan yanke hukunci a kan mutumin da ban ji ta bakinsa ba. Ranar Asabar kowa ya zo."

Ranar Asabar ƙofar gidan Mai Unguwa ta cika. Malam Fa'izu ya zo shi da hedimasta, Malam Yahya, suna ɗauke da wani tsohon kwali. Ya gaida kowa, har da Nababa, ya sami gefen tabarma ya zauna.

Nababa ya shimfiɗa taswirar a ƙasa. "Ga gonakinmu nan ɗaya bayan ɗaya, da sunayenmu. Ya gaya mana wa zai kai wa."

Mai Unguwa ya sunkuya ya daɗe yana dubawa. "Wannan wane ne a kusa da masallaci?"

"Jakin gidan su Ramlat ne, ranka ya daɗe," in ji Malam Fa'izu. "Yaran ajina ne suka zana taswirar, ita kuma ta zana jakin."

"Ya fi masallacin girma kuwa."

Wasu suka fara murmushi, Nababa bai yi ba. "Ƙasar da ka ɗiba fa?"

Malam Fa'izu ya buɗe kwalin. Ledoji ne a jere, kowace da ƙasa a ciki, wake ya tsiro a kai. Wani ya yi tsawo ya yi kore shar, wani ya tsaya ya yi ɗorawa.

"Darasin kimiyya ne. Muna son yara su gani da kansu wace ƙasa ce ta fi riƙe ruwa. Awon kuma lissafi ne, don yaro ya fi gane tsawo da faɗi in ya taka da ƙafarsa. Mai farar motar malamin gona ne, roƙonsa nake ya zo ya yi wa yara bayanin tsutsar masara."

"Baki ne, kowa yana da shi," in ji Nababa. Ya zura hannu a aljihu ya zaro takardar, duk ta yamutse. "Wannan fa? Wannan ma kimiyya ce? Kwana goma sha biyar tana jikina. Ban bari kowa ya taɓa ta ba sai yau, a gaban jama'a."

Mai Unguwa ya karɓa. Bai miƙa wa hedimasta ba. Ya miƙa wa Alhaji Abdulrashid, tsohon ma'aikacin asibiti da ya yi ritaya, wanda ba ruwansa da makarantar.

Alhaji ya gyara tabarau ya fara karantawa:

"Zuwa ga Malam Nababa. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na tambayi 'yan aji biyar wa ya fi kowa sanin gero a garin nan, kusan dukkansu suka ce kai ne. Ni ɗan birni ne, abin da na sani a littafi ya tsaya. Muna roƙonka ka zo ranar Alhamis ka koya mana yadda ake zaɓen iri da yadda ake ajiye shi. Aina'u ta ce ba a taɓa jin irinka ya ƙi tsirowa ba. In ka amince, ka sa hannu ko ka dangwala a ƙasa don in nuna wa hedimasta."

Alhaji ya sauke takardar.

Nababa ya ce, "Alhaji, shi ke nan abin da ke ciki?"

"Shi ke nan, Nababa. Sai kwanan wata."

Nababa ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma.

Sai hedimasta ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ni ma ina da takarda. Jiya ta iso daga ofis. Saboda ƙarar da aka kai, sun ji tsoron kada a taɓa lafiyarsa, sun mayar da shi wata makaranta. Litinin zai fara can."

Haka Malam Fa'izu ya ɗaure kayansa a bayan babur ya bar garin, bai gaya wa kowa baƙar magana ba.

Aka haɗe aji biyar da aji huɗu, yara sun kusa casa'in a ɗaki ɗaya. Fitar Alhamis ta ƙare. Aina'u ta koma makaranta, amma ta daina dawowa da tambaya. In ta kawo wa babanta abinci sai ta ajiye ta juya. Ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba, amma wannan shirun ya fi komai ci masa rai.

Ya koma ofishin ilimi shi kaɗai, ya ce ƙarar da ya kawo ba gaskiya ba ce. Aka ce masa an ji, amma ba za a sake sauya malamin a tsakiyar zango ba, sai dai ya jira bayan dogon hutu, kuma sai iyaye sun nema a rubuce.

Wata Talata, ana tsakiyar damina, ya bar noma ya hau acaba zuwa ƙauyen da aka kai malamin. Hanyar duk taɓo ce, sau biyu suna sauka su tura babur. Ya tarar da Malam Fa'izu a gindin tsamiya da wasu yara suna ƙirga tsakuwa.

Nababa ya durƙusa. "Malam, na zalunce ka. Na ɓata maka suna a garin da ka zo yi wa alheri."

Malam Fa'izu ya yi sauri ya kama hannunsa. "Haba Baba, tashi don Allah, ga yara suna kallo. Na yafe tun ranar. Hedimasta ya ba ni labarin gonar ɗan'uwanka, na gane abin da ya tsorata ka. Ni ma ina da laifi. Kafin in taka gonar mutum da igiya, da ƙafata ya kamata in zo in nemi izini, ba in aiko da takarda ba."

"Amma ai ka zo. Sau biyu. Ina ciki."

"Na sani," in ji Malam Fa'izu. "Na ga takalmanka."

Da ya dawo, Nababa ya bi gida gida yana roƙon iyaye su sa hannu a takardar neman a dawo da malamin. Ranar Juma'a kuma ya miƙe a gaban jama'a bayan sallah, ya ce duk abin da ya faɗa a kan Malam Fa'izu zargi ne kawai, ba shi da hujja ko ɗaya, kowa ya shaida.

Bayan hutu Allah ya sa aka dawo da shi. Yara suka tare shi tun daga bakin titi. Yawancin waɗanda aka cire sun koma aji.

Amma ba duka ba. Abdulkabir ya ƙi mayar da 'ya'yansa uku. Sau huɗu Nababa yana zuwa gidansa. A na huɗun Abdulkabir ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, bai ko shimfiɗa masa tabarma ba.

"Nababa, kai ka zaunar da mu ka ce da idonka ka gani. Yanzu kuma ka ce ba haka ba ne. Wanne zan ɗauka? Wa ya sani ko sun ba ka wani abu ne ka sauya baki?"

Nababa ya yi rantsuwa, ya yi magiya. Abdulkabir ya koma ciki ya rufe ƙofa.

Har zuwa lokacin da aka ba ni wannan labari, yaran nan uku ba su koma makaranta ba. Kullum da safe, lokacin da sa'o'insu ke wucewa da jakunkuna, su suna kora awaki zuwa bayan gari. Hanyar kuma ta gaban gonar Nababa ta bi. In sun zo wucewa sukan ɗaga murya su ce, "Baba Nababa, sannu da aiki." Yakan amsa, amma bai taɓa iya ɗago kai ya kalle su ba.

Darasi: Yin hattara ba laifi ba ne, amma kafin ka zargi mutum ka tambaye shi, ka kuma saurari amsarsa. Wanda ka zalunta zai iya yafe maka, amma maganar da ka riga ka saka a zukatan mutane ba lallai ka iya cire ta ba, kuma sau da yawa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba ne suke ɗaukar asarar. Ku tura wa iyaye da malamai da sauran 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda yake dab da yanke wa wani hukunci bai ji ta bakinsa ba.