Robon Ridwan Mai Ƙafa Shida

Akwai wani saurayi a Babankatami, can ƙasar Buza, sunansa Mahfuzu. Ya gama jami'a a Tawa, ya dawo gida da lisansinsa, wato digirinsa, a jaka, yana jiran a kira shi sarbis sibik, wato bautar ƙasa. Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka yi noma, kira bai zo ba.

Wanda ya taɓa komawa ƙauye bayan karatu ya san irin wannan zama. Gida cike da mutane, amma babu wanda za ka zazzage wa abin da ke cikin kanka. Da safe ya bi babansa gona. Da la'asar ya zauna a zaure yana juya waya a hannu, wayar da ba ta samun rezo, wato sabis, sai an hau tudun bayan gari.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne kewar wani wasa da suke yi a ɗakin kwanan ɗalibai. Ba wasan waya ba ne, na zama ne a kan tabarma. Mutum ɗaya ke jan labari da baki, ya ce ga gari, ga abokan gaba, ga abin da ya faru. Sauran kowa ya ƙera robonsa a takarda, mutum-mutumin ƙarfe, ya shiga labarin da shi. In robonka zai yi tsalle ko zai kai duka, sai ka jefa ɗan lido, shi zai nuna ko ka dace.

Ƙera robon kuwa yana da doka. Kowa ana ba shi maki ɗari. Ƙafa da tsadarta, hannu da tsadarsa, haka ido, sulke, batiri da inji. In robo ya yi nauyi dole ya ɗauki babban inji, babban inji kuma ya fi cin maki. Littafin dokokin da Faransanci yake, yana cikin wayar Mahfuzu, ya kusa haddace shi.

A Tawa wani abokinsa Shafi'i ne mai jan labari. Mahfuzu bai taɓa ja ba. Shi ya sa tun da ya dawo yake tsara nasa a zuci: wani tsohon birni da rairayi ya binne, da rijiya ɗaya tak mai sauran ruwa, da sojojin ƙarfe masu gadinta. Ya san kowace ƙofa da kowane lungu na birnin. Masu shiga kawai ya rasa. Duk burinsa ya zaunar da mutane a gabansa ya ja musu wannan labari.

Da aka gama maimai, hatsi ya fara fidda kai, aikin gona ya lafa, sai ya je fadar samarin unguwa inda suke shan shayi, ya yi musu bayani. Yawancinsu dariya suka yi. Mutum uku suka ce za su gwada: Ridwan, ɗan kawunsa kuma taubashinsa, sai Hamisu, sai Ɗanasabe, wanda duk ramin da Ridwan ya faɗa shi ma a ciki za ka same shi.

Ridwan ya ce, “Mun ji, taubashi. Amma ka san zamanmu gajere na. Da an kai hatsi rumbu, mu sai bida.”

Bida ita ce tafiyar da samarin Adar ke yi neman kuɗi in an gama girbi. Su ukun Abijan suka nufa. Wani ya dawo da ruwan farko, wani ya shekara biyu ba a gan shi ba.

Mahfuzu ya ce lokaci na nan da yawa. Ya raba musu takardu, ya fassara musu tsadar kowane kaya, ya ce kowa ya zana nasa ya kawo a duba kafin a fara, don haka ake yi.

Suka kawo. Mahfuzu ya zauna da jan bik, wato biro.

Robon Ɗanasabe yana da ido mai gani a duhu, amma batirinsa ƙarami ne, idon kaɗai zai shanye shi. Na Hamisu yana riƙe da guduma wadda ta fi ƙarfin kafaɗarsa. Na Ridwan kuwa dodo ne: ƙafa shida, don ya hau duwatsu kamar akuya, ga sulke mai kauri. Nauyin ya tilasta masa babban inji, injin ya sa ya haura maki ɗari.

Duka ukun ya mayar musu da jan layi.

Ridwan ya ɗaga takardarsa sama yana kallo, ya ce ko ƴan duwan, wato kwastan na bakin iyaka, ba su kai wannan bincike ba. Daga ranar sunan ya bi Mahfuzu, kowa Duwan yake ce masa.

Da farko abin dariya ne. A gyara nan, can ya ɓalle. Hamisu ya rage guduma, sai aka ga ƙafar robon ta fi injinsa gudu. Ɗanasabe ya ƙara batiri, sai nauyi ya ƙaru. Ridwan ya rantse ba zai cire ko ƙafa ɗaya ba, ya ce robo mai ƙafa biyu ai mutum ne, mutane kuwa ya gaji da ganinsu.

Kowace la'asar lissafi ke cinye ta. Babu wanda ya taka ƙofar birnin tukuna.

Gaskiyar magana, binciken ya yi wa Mahfuzu daɗi. Tun da ya dawo, wannan ne karo na farko da mutane ke zaune suna tambayarsa, suna jiran abin da zai ce. Bai lura ba cewa Hamisu ya fara hamma, Ɗanasabe kuma ya koma zuwa bayan an sha shayi na biyu.

Wata la'asar sai ga su sun shigo zaure tare, suna murmushi irin na waɗanda suka ƙulla wani abu. Ridwan ya shimfiɗa takardun uku gefe da gefe.

Ashe zama suka yi su kaɗai a gona. Hamisu ya mayar da robonsa ɗan ƙarami mai sauri, maki suka rage masa. Ɗanasabe ya haƙura da idon duhu, shi ma suka rage masa. Suka tattara ragowar suka zuba wa na Ridwan, ƙafafun nan shida suka tsaya da injinsu. Sharaɗin shi ne, in an zo wurin duwatsu, babban ya goya ƙananan.

Ɗanasabe ya ce, “Gayya munka yi, Duwan. Duba ka gani, ko maki guda ba mu sata ba.”

Mahfuzu ya lissafa, ya sake lissafawa. In an haɗa ukun, ba su wuce abin da aka ba su ba. Ya buɗe littafin ya bi shi sashe sashe. Babu inda aka ce a yi aron maki, babu kuma inda aka hana.

Kalma ɗaya ta rage a fara wasa a wannan la'asar. Amma Mahfuzu ya ƙi faɗinta. Shawarar a bayansa aka yanke ta, ba a tambaye shi ba, kuma a Tawa bai taɓa ganin an yi haka ba.

Ya ce ba ta yiwuwa, kowa da ɗarinsa.

Hamisu ya ce, “Makina na fa. Na gama gonata, na shiga ta maƙwabci. Mi na laihi a ciki?”

Mahfuzu ya ce, “Wanga ba noma ba na. Ku ba ku san wasan ba. In an fara da karya doka, ya zama tatsuniyar yara.”

Ya ga maganar ta yi nauyi, sai ya ce zai tambayi Shafi'i, wanda yanzu yake Yamai. Abin da Shafi'i ya ce, shi za a yi.

Ridwan ya tattara kofunan shayi a hankali. Ya ce, “Taubashi, hatsi ya nuna fa.”

Mahfuzu ya hau tudu ya aika saƙo. Saƙon ya tafi, amma ba a buɗe shi ba. Washegari ya sake hawa, haka nan. Ya kira, wayar a kashe.

Abokan sun ƙara zuwa kamar sau biyu. Da suka ga babu labari, suka ɗauko allon lido suka yi ta bugawa da ɗan lidon da aka tanada don robo, shi kuwa yana gefe yana karanta doka. Daga nan girbi ya kama. Aka shiga yankan hatsi, ɗaurin dammai, ɗauka zuwa rumbu. Wanda ya dawo gona da yamma ko magana ba ya so, balle lissafi.

Shi dai bai fasa shimfiɗa tabarma ba. Mahaifiyarsa, Inna Zaliha, ta leƙo zaure wata rana ta gan shi da takardu uku a gaba, ta tambaye shi ina abokansa masu zanen aljanu. Ya ce suna tafe. Ta dube shi, ta dubi tabarmar, ta koma ciki.

Amsar Shafi'i ta zo wata safiya da hantsi, saƙon murya. Ya ba da haƙuri, wayarsa ce ta lalace. Sannan ya ce:

“Mahfuzu, ai kai ke jan wasa. Abin da kunka ga ya yi muku daɗi, ku yi. Amma tsaya, mutum uku gare ka? Ni tun da na zo Yamai ko guda ban samu ba. Mi kake jira?”

Mahfuzu ya gangaro daga tudu, bai tsaya ko'ina ba sai gidan kawunsa. Dije, mahaifiyar Ridwan, tana sussuka a tsakar gida. Ta ce ai su Ridwan sun fita tun bayan asuba, moto, wato babur, ya kai su garin Madawa, yau motarsu ke tashi. Ta ce jiya da yamma sun je yi masa sallama, aka ce yana kan tudu.

Ya ari moton maƙwabci ya kama hanya. Da ya isa tashar Madawa, an gama ɗaure kaya, injin babbar motar yana ruri, masu talla suna ja da baya. Ya bi tagogin ɗaya bayan ɗaya har ya ga Ridwan.

Ya ce, “An yarda. Gayyar ta yi.”

Ridwan ya leƙo da kai. “Wa ya yarda?”

Mahfuzu ya ce, “Ni.”

Ridwan ya yi murmushi, ba na mugunta ba. “Ka makara, Duwan, kaya sun ƙetare. Ka gai da Inna. Ka sa mu a addu'a.”

Hamisu ya ɗaga masa hannu daga ciki. Motar ta hau kwalta.

Rani ya shigo. Babankatami ta koma garin tsofaffi, mata da yara. Fadar shayi ta watse, sai duwatsun murhu. Kiran bautar ƙasa har yanzu shiru. Mahfuzu ya ƙera robo shi kaɗai, ba ɗaya ba, ba biyu ba, kowanne daidai da doka, babu ko maki ɗaya da ya kauce. Babu wanda zai nuna wa.

Ana cikin zafin bazara, wata yamma ya hau tudu, sai ga saƙon murya daga Ridwan. Da ya buɗe, hayaniya ya fara ji da dariyar maza.

Ridwan ya ce suna lafiya, sun samu aikin dako a kasuwa. Ya ce duk ranar da ba su fita ba wasan suke yi a ɗakinsu. Ba su da littafi, abin da suka tuna suke bi, abin da suka manta su ƙirƙira. Hamisu ne ke jan labari. Wasu samarin Keita da na Bangi sun shigo, har ɗakin ba ya ɗaukarsu. Mai ƙafa shida kuwa ya goyi robo biyar ya haye dutse da su, Ɗanasabe ya yi ta dariya har ya kifar da shayi.

Sai muryarsa ta sauka.

“Mun ce a gode maka, taubashi, kai ka koya muna. Sai dai labarin Hamisu ya ƙare, kansa ya bushe. Wancan birni da kake ta ɓoye muna, in ba ka aiki da shi, ka aiko da murya, shi ja muna shi.”

Mahfuzu ya daɗe zaune a kan dutse. A ƙasa hayaƙin girki yana tashi daga gidaje, garken awaki na komawa gari.

Ya danna wayar ya kai ta bakinsa. Ya fara daga ƙofar gabas, ya bi lungu lungu, ya faɗi inda sojojin ƙarfe ke ɓuya, ya faɗi sirrin rijiyar, bai rage komai ba. Babu mai saurarensa a kan tudun, babu wanda ya katse shi da tambaya.

Da ya gama ya aika, ya jira har ya ga saƙon ya isa. Sannan ya sa wayar a aljihu ya gangara shi kaɗai, ana kiran magariba.

Darasi: Doka don mutane aka yi ta, ba mutane don doka ba. Iliminka in bai tara maka jama'a ba, to kada ka bari ya kore su, domin wanda ke zaune a gabanka yau ba lallai ka same shi gobe ba. In kana da abokan da suka ba ka lokacinsu, ka sassauta, ka fara da abin da ke hannu. Ku tura wannan labari ga ƴan uwa da abokai, musamman wanda kuka san ya fi son ya yi daidai a kan ya zauna da mutane.