Yadda Gwaggo Ladiyo Ta Ƙanƙance Ƙwarin Ɓaure

Ku matso, yara, ku ji dalilin da ya sa jajayen ƙwarin nan masu cin ɓaure suke mitsi-mitsi kamar garin barkono, kuma ba ka ganinsu sai ka juya ganye.

A da can kowannensu ya kai ƙwayar wake. A saman ganye suke zama, suna shan hantsi suna saƙa zarensu, ba sa tsoron kowa.

To, akwai wata tsohuwa, Gwaggo Ladiyo, mai ɓaure a tsakar gida. Marigayi mijinta ne ya dasa shi, a gindinsa aka binne cibiyar 'ya'yanta shida. Wata bazara ƙwarin suka sauka a kansa. Kafin mako biyu ganye ya yi ɗigo-ɗigo, ya koma rawaya, ya fara zuba.

Sai ga maƙwabcinta Tanko da gatari a kafaɗa, shi ma yana da ɓaure a bayan katanga.

"Gwaggo, gara a sare shi kafin su tsallako wajena."

"Haba ɗan nan! Ba ni kwana uku."

"Uku fa. Laraba da hantsi ina nan tafe."

Ta jiƙa toka ta tace, ta narka sabulun salo a ciki, ta hau turmi ta sheƙa daga sama. Ƙwarin suka ɓace. Can sai ga su sun fito, ko ɗigo bai taɓa su ba.

Babbansu ya ce, "Sannu da aiki, Gwaggo! Gobe a ƙaro ruwa, ana zafi."

Washegari ma haka.

Ranar Laraba tana jin Tanko yana wasa gatari a dutse. Ta ɗauki ƙwaryar ƙarshe, ta hau turmi. Turmi ya goce! Ta faɗi rigingine, rabin ruwan ya zube.

Tana kwance ta ɗaga ido. Ga su nan cunkus a bayan ganye, sun maƙale, suna ta ƙyaƙyata dariya.

"Au! Ashe nan kuke shiga, 'yan banza?"

Ta lalubo tsintsiya, ta tsoma a sauran ruwan, ta fyaɗa sama. Duk wanda ruwan ya taɓa sai ya motse, ya motse, ya koma kamar kan allura.

Tanko ya yi sallama, ya tarar da tsohuwa a ƙasa tana faɗa da itace.

"Gwaggo, lafiya kuwa?"

"Ajiye gatarin nan ka kama tsintsiya! Daga ƙasa, sakarai, daga ƙasa!"

Babban ƙwarin ya buɗe baki zai yi magana, amma muryarsa ta ƙanƙance, ba wanda ya sake jin ta. Kafin sati ɓaure ya yi toho. Gwaggo kuwa ta yi wata guda tana ɗingishi.

Shi ya sa har yau suke ƙanana, suke laɓe a bayan ganye. In za ku yi musu feshi, daga ƙasa ake yi. Faɗuwa daga turmin dai ba dole ba ce.