Dattijon da Ya Ƙi Yasar Magudana

An ce wani sarki yana da babbar magudanar ruwa da ta ratsa gonakin garinsa. Kowace shekara laka takan cike ta, sai a ɗora wa duk mai gona aikin yasa na kwana goma, wanda ya ƙi kuwa a karɓe gonarsa. Sarkin nan yana alfahari da wannan doka, don a ganinsa adalci shi ne kowa ya ji jiki.

Wata shekara aka gurfanar da wani dattijo, Malam Jatau, wanda ya yi kwana biyu kacal ya saɓa fartanyarsa ya koma gida.

Sarki ya ce, "Malam, ka gaji da gonarka ne?"

Ya ce, "Ya sarki, ita kaɗai gare ni. Amma ina da tambaya. In baƙo ya sauka gidana na riƙe shi bai fita ba, ni za a kama da ɓarnar da baƙin wasu suka yi a hanya?"

Sarki ya dubi Waziri, Waziri ya shiga gyaran rawani.

Malam Jatau ya ce, "Ruwan sama nake nufi, ranka ya daɗe. Kunyoyina a gicciye suke, na jera duwatsu, na dasa ciyawar jema a bakin gona. Ruwan da ya sauka mini a nan yake kwana. Ɗan abin da ya tsere, na biya shi da kwana biyu."

Sarki ya ce, "To lakar ta wane ne?"

"Laka ba ta ɓoye gidansu. A duba launinta."

Aka ɗunguma zuwa magudana. Sarki ya sa aka ɗebo ta gabas, aka ɗebo ta yamma, duk ja wur. Ya murtuke fuska ya ce, "Mai jar ƙasa a garin nan, yau ya rabu da gonarsa. Waziri, wane ne?"

Waziri ya yi ta tari kamar ya haɗiyi ƙaya. Da ƙyar ya ce, "Allah ya ja zamaninka, jar ƙasa sai a kan tudu, tudun kuwa gandunka ne. Shekara bakwai da suka wuce ka ce kana son ka hango kunyoyi sun miƙo sak zuwa bakin hanya. Tun ranar ake yin su bin gangare."

Kunya ta rufe sarki, ga shi ya riga ya yanke hukunci gaban jama'a. Ya ce a raba gandun ga waɗanda suka daɗe suna kwashe lakarsa, kuma duk wanda ya tare ruwan gonarsa a rage masa kwanakin yasa. Sa'an nan ya tuɓe alkyabba, ya karɓi fartanyar Malam Jatau, ya shiga laka har gwiwa.

Daga can ƙasa ya ce, "Waziri, rubuta: kafin mai mulki ya raba wa talakawa nauyi, ya fara auna wanda shi ya jawo musu."