Iyakar da Bukenya Ya Tuge

Akwai wata budurwa a ƙauyenmu, can bayan garin Mityana, sunanta Nankya. Tana aiki a lambun da ake renon dashen gahawa. Duk wanda ya zauna da ita ya ji labarin ranar da ta fara ganin Bukenya, domin ba ta gajiya da ba da shi.

Bukenya mai walda ne. An kira shi ya gyara ƙyauren lambun, ya zo da baƙin tabarau a goshi, yana aiki yana yabon kansa. Da ya gama ya ce mata, "Wannan ƙyauren, ko giwa ta jingina da shi ba zai motsa ba."

Ta tura, bai motsa ba. Ta sa ƙarfi, bai motsa ba. Ashe ya liƙe sakatar da ginshiƙi. Ma'aikata suka kasa fita cin abincin rana. Shi ya fara yi wa kansa dariya, kuma ta ce wannan dariyar ce ta zauna mata a rai.

Suka shaƙu. Amma duk sanda ya kawo maganar aure sai ta ce, "Tukuna."

Ba ƙinsa take yi ba. A wajenmu ƙasa ɗaya mutum biyu ke da hakki a kanta. Akwai mai ƙasa, wanda takardar mallaka ke hannunsa. Akwai mai kibanja, wanda ke zaune a kai, yana noma, yana gini, yana biyan ɗan abin shekara. Mai ƙasa ba ya korar mai kibanja haka kawai. Shi ma mai kibanja ba ya sayarwa ko jinginarwa sai mai ƙasa ya yarda.

Mahaifiyar Nankya ta taɓa sayen kibanja ba da sanin mai ƙasa ba. Nankya tana ƙarama aka zo aka sare musu ayaba, aka fitar da kayansu bakin hanya. Tun daga nan ta ƙudurta ba za ta ɗaukar wa kowa alkawari ba sai ta ga inda za su zauna ya tabbata.

Wata rana Bukenya ya zo da murna. Ya sayi kibanja a hannun wani mai suna Kigozi, wanda ke gaggawar komawa Kampala. Shugaban ƙauye ya shaida, an buga hatimi.

Nankya ta ce, "Kigozi ya kai ka wajen mai ƙasa? Ka kai kanzu?"

Kanzu ita ce doguwar farar rigar da sabon mai kibanja ke kai wa mai ƙasa ranar da aka gabatar da shi, don a san juna.

Bukenya ya ce, "Wane mai ƙasa? Jajja Walugembe? Tsohon nan mai yawo da takalmin taya? Ni da na biya da gumina, in je in tsuguna gabansa da riga kamar mai neman 'yarsa?"

"Ai gara mai neman 'yarsa, shi ko an hana shi yana da gidan komawa."

"Ke dai tsoro ya yi miki yawa. Bari ki ga gini."

Ya yi gini kuwa. Ɗaki biyu da falo, tagogi na ƙarfe da ya ƙera da hannunsa. A gefen filin akwai layin luwanyi, tsiron nan da muke dasawa a kan iyaka. Ya ce ya yi masa ƙauyanci. Ya tuge shi kaf, ya ja katangar bulo. Wajen jan katangar ma sai da ya ɗan ci hanyar da ke bi ta bayan filin.

Saura rufi kuɗinsa suka ƙare. Ya tafi asusun ƙungiyar manoma neman rance, ya ce zai jinginar da kibanjar. Matar da ke wurin ta duba takardarsa ta ce, "Ina yardar mai ƙasa? Ba mu karɓar jinginar kibanja sai da ita."

Maimakon ya je da kansa, sai ya tura ɗan acaba da 'yan shilin a ambulan, ya ce a ce wa tsoho ya sa hannu.

Washegari da hantsi Jajja Walugembe ya iso da sandarsa, shugaban ƙauye na biye da shi. Maƙwabta suka fito. Nankya ma ta ji labari ta baro aiki.

Tsohon ya miƙa wa Bukenya ambulan ɗinsa a rufe. Ya dubi katanga, ya dubi tarin busasshen luwanyi a gefe.

"Wane ne wannan yaron?" ya tambayi shugaban ƙauye.

Bukenya ya ce, "Ni ne mai wurin."

"Mai wurin Kigozi na sani. Da zai sayar, ni ya kamata ya fara yi wa tayi. Bai yi ba. Kai kuma ban san ka ba. Luwanyin nan ubana da uban Kigozi suka dasa shi tare. Hanyar nan da ka ci, ta nan muke bi zuwa kaburburanmu."

Bukenya ya juya wajen shugaban ƙauye. "Ai kai ka buga hatimi!"

Shugaban ya ce, "Na shaida ka ba Kigozi kuɗi. Ban shaida mai ƙasa ya yarda ba. Na kuma ce ku je ku gaishe shi, ka ce min kana da aiki. Cinikin da ba yardarsa, yana iya karɓe wurinsa, ginin naka kuma ka san inda za ka kai shi."

Wata maƙwabciya ta ce, "Ai mai walda ne, sai ya sa masa taya ya tura."

Aka yi dariya. Bukenya bai yi ba. Ya nemi Kigozi a waya, a kashe.

Da yamma ya sami Nankya a lambu, ya zauna a kan buhun ƙasa. Ya ce, "Faɗi. Ki ce kin gaya min."

Ta ce, "Ka ci abinci?"

Da safe ya sayi kanzu da sukari, ya tafi gidan tsohon. Ya gaishe shi yadda ake gaida manya, yana kiransa Jajja, wato kaka, ya ba da haƙuri. Jajja Walugembe ya karɓi sukarin, ya tura masa kanzun.

"Wannan ba yanzu ba. Ka rushe katangar da hannunka. Ka mayar da luwanyi inda yake, daga bakin hanya har kusurwar ƙasa. Rani na shigowa. In ya wuce zan zo in duba. In na ga abin da nake so, na karɓi rigarka. In ban gani ba, ka kwashe tagoginka."

"Jajja, dashe a rani?"

"Kai da ka tuge ka tambayi lokaci?"

Bukenya ya ɗauki guduma ya rushe katangar da ya gina. Masu wucewa suna cewa, "Injiniya, yau kuma buɗe gari ake yi?" Yana ɗaga musu hannu yana ci gaba. Ya yanko rassan luwanyi a wajen maƙwabta ya kafa su a layi, shugaban ƙauye yana nuna masa tsohon gurbi.

Daga nan sai ɗibar ruwa. Rijiyar tana gangare. Kafin ya buɗe shago ya yi sawu da jarkoki a keke, in ya tashi ya sake. Ya daina saka tabarau a goshi. Nankya takan biyo in ta tashi aiki, ta rufe gindin dashen da busasshen ganyen ayaba don kada ƙasa ta bushe. Gidan yana tsaye ba rufi, ƙadangaru na shawagi a falo.

Yawancin dashen suka kama, suka yi toho. Amma na kusurwar ƙasa suka bushe. Ya cire ya sa wasu, suka bushe. Ya ƙara taki, ya ƙara ruwa, ya yi musu inuwa da buhu. Duk a banza.

Hadari ya fara haɗuwa, alamar rani ya zo ƙarshe. Tsoro ya kama Nankya. Ta tuna kayansu a bakin hanya. Wata yamma ta zo da kwali a kan keke. A ciki akwai luwanyi kore shar, masu saiwa, daga bayan lambunsu.

Ta ce, "Mu sa waɗannan a kusurwa. Kafin ya zo sun zauna. Ba mai ganewa."

Bukenya ya dubi kwalin. Ya ce, "Mayar da su."

"Bukenya, gidan fa za ka rasa."

"Na sani. Na yi wa tsohon nan wayo sau ɗaya, ga inda ya kai ni. In na zauna a nan da ƙarya, kullum ya wuce ta hanyar nan sai gabana ya faɗi. Ke ma haka. Ba irin gidan da kike nema ba ne."

Ta mayar da kwalin. A hanya ta yi kuka, ba ta san ko na tsoro ba ne ko na wani abu.

Da ruwan farko ya sauka, tsohon ya zo, shugaban ƙauye da maƙwabta na biye. Ya bi layin a hankali. Yakan tsaya ya ja wani da hannu ya ji ko ya yi saiwa. Har ya iso kusurwa, inda busassun sanduna ke tsaye.

"Waɗannan fa?"

"Sun ƙi, Jajja. Na sake, na sake, sun ƙi. Iyakar ƙoƙarina ke nan."

Tsohon ya caka sandarsa a wurin, aka ji ta daki abu mai tauri. Sai ya yi dariya har da tari.

"Dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashi. Tun ina yaro ba abin da ya taɓa kamawa a nan. Ubana ma ya gaji ya haƙura. Da na tarar da kore a kusurwar nan, da yau ka kwashe tagoginka. Ina rigata?"

Bukenya ya ruga ya ɗauko kanzu. Tsohon ya zura ta a kan kayansa, ta yi masa yawa har tana jan ƙasa. Ya ce, "Ka auna ni da katangarka ne?" Sannan ya ce wa shugaban ƙauye a rubuta cewa ya san Bukenya, ya yarda da zamansa, kuma in zai jinginar da wurin don rufi ya zo su zauna su yi magana.

Ya juyo ga Nankya, wadda ke durƙushe a gefe kamar yadda 'ya'yanmu mata ke yi gaban manya.

"Ke kuma 'yar wa ce? Duk ranin nan ina hango ki kina rufe gindin dashe. Ni ina son in san masu kwana a ƙasata. Ma'aikaciya ya ɗauka?"

Matan suka fara ƙus-ƙus. Bukenya ya sunkuyar da kai, domin ya saba jin "tukuna".

Nankya ta ɗago.

"Sunana Nankya, Jajja. Ba ma'aikaciya ba ce. Ni zan zauna a gidan nan. Bukenya, ka tura manyanka wajen gwaggona, kamar yadda al'adarmu take. Na yi maka alkawari a gaban mutanen nan, zan aure ka, ko an yi rufin ko ba a yi ba."

Darasi: Biyan kuɗi kaɗai ba ya mallaka wa mutum wuri. Kafin ka sayi fili, ka karɓi haya, ko ka jinginar da gida, ka nemi duk mai hakki a kansa, ka je da ƙafarka, ka sami yardarsa a gaban shaidu. In kuma ka riga ka yi kuskure, gyara shi da gaskiya ko da za ka yi asara, domin wayo na biyu ya fi na farko tsada. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin sayen fili ko fara gini, tun bai ɗora bulo ba.